Jirgin ruwa zai ɗaga daga Basalona ran Lahadi: mu sauka ran nan, ko mu riga shi da kwana biyu?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum. Mun biya kuɗin ɗaki biyu a wani jirgi da zai tashi daga Basalona wata Lahadi a tsakiyar watan Yuni. Kwana bakwai ne: Marseille, Genoa, Naples, Palermo, Tunis, a wuni ɗaya a kan teku, a dawo Basalona. Mu biyar ne, ni da maigida da yara biyu da Hajiyarsa. Ita ce ma dalilin tafiyar, tun da aka yi mata aikin gwiwa bara yake ta burin ya fita da ita ta huta. Inda muka rabu da shi a nan ne: ya samu jirgin sama da ke sauka Basalona ƙarfe 10:30 na safiyar Lahadin, jirgin ruwan kuwa sai 6 na yamma zai ɗaga. Ya ce daga filin jirgi mu zarce tasha, mu huta da kuɗin otal. Ni hankalina bai kwanta ba, na fi son mu isa tun Juma'a. Don Allah wa ya fi gaskiya? In kuma za a kwana, wace unguwa ta dace da mai ciwon gwiwa, kuma ta yaya ake zuwa wurin jirgin da kaya?

Alhaji na Kwari: Wa alaikumus salam 'yata. Ni dai maigidanki na bi. Daga 10:30 zuwa 6 awa bakwai da rabi ke nan, filin jirgin kuma ba wani nisa gare shi da gari ba. Shekara ashirin ina zuwa Guangzhou da Dubai, na sha sauka da safe in shiga kasuwa kafin Azahar. Ki ɗauki ɗaki biyu, kwana biyu, a Turai a lokacin bazararsu, ki haɗa da abincin mutum biyar, ki mayar da shi naira. Kuɗin da kuka biya wa jirgin ruwan ai har da kwana da ci a ciki, me zai sa a sake biyan wani kwanan?

Anti Bilki: Baba Alhaji, da girmanka, amma kasuwa tana jira, jirgin ruwa ba ya jira. Bari in faɗi abin da ya same mu, don irin wannan lissafin muka yi ni da mijina.

Daga Abuja muka tashi da daddare, za mu canza jirgi a Turai mu sauka Basalona da hantsi. Jirginmu ya yi jinkirin awa biyu kafin ya bar Abuja. Muna sauka aka tura mu layin duba fasfo, don in a wata ƙasar Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, za ka canza jirgi, a nan ake tantance ka, ba a Sifaniya ba. Kafin mu fito wancan ya tashi. Aka sa mu a na rana. Mun sauka Basalona wajen 2:30, muka tsaya gaban abin nan mai juyo da kaya har ya tsaya cak, babu akwatinmu ko ɗaya. Mijina yana cike takardar ɓatan kaya, ni ina kallon agogo, hannuna yana rawa. Mun isa tasha saura minti ashirin a rufe rajista.

Ga abin da mutane ba sa lura da shi. Ƙarfe 6 ɗin nan lokacin da jirgi zai kwance igiya ne. Rajistar fasinja ana rufe ta tun kafin nan, a takardarmu ƙarfe 4 aka rubuta. Maman Iman, ki buɗe taki ki duba. In jirginku ya sauka 10:30 daidai, da layin fasfo da jiran kaya da tura Hajiya a keken guragu da layin tasi, da wuya ku bar filin jirgi kafin 12:30. Ke nan abin da ke hannunku na gaske bai wuce awa uku da rabi ba, a ƙarshen tafiyar da ta haɗa jirgi biyu.

Akwatunanmu sai a rana ta huɗu suka cim mana, a wata tasha a Italiya. Doguwar riga biyu nake da su, ina wanke ɗaya a banɗaki da daddare in shanya. Wannan duk mai sauƙi ne. Maganin hawan jinin mijina yana cikin babban akwati, sai da muka je wurin likitan jirgi, shi kuma ba kyauta yake duba mutum ba. Da mun kwana ko ɗaya ne a gari, da kayan sun same mu a otal washegari, tunda jirage suna ta zuwa Basalona kullum. Da zarar ka hau ruwa kuwa, akwati ne zai riƙa bin ka daga ƙasa zuwa ƙasa.

Alhaji na Kwari: Allah ya kyauta, Bilki, na ji tausayinku. Amma wannan ƙaddara ce, ba kullum take faruwa ba. Mutum ɗari za su bi hanyar nan lafiya lau. Kuma na ji an ce in ka sayi tikitin sama ta hannun kamfanin jirgin ruwan, su ne da alhakin kai ka.

Abu Hanif: Ranka ya daɗe, haka ne, wasu kamfanonin suna sayar da tikitin sama haɗe da na ruwa, kuma in an samu jinkiri sukan taimaka a kai mutum tasha ta gaba. Sai dai ba sa riƙe jirgi mai fasinja dubbai saboda gida ɗaya, kuma Maman Iman da kansu za su sayi nasu tikitin. Mu ɗauka an rasa jirgin. Tasha ta gaba Marseille ce, wajen kilomita 500 daga Basalona ta mota. Sai an kwana a otal ɗin da ake gudu, a farashin wanda ya zo ba shiri, a nemi tikitin mutum biyar na gaggawa, a tayar da tsohuwa mai sabon aiki a gwiwa da asuba. Asarar nan ta ninka kuɗin kwana biyu. In da jirgi ɗaya ne kai tsaye da sai in yi shiru, amma babu jirgin da ke tashi daga Najeriya ya sauka Basalona kai tsaye. Ko ta Alƙahira, ko Doha, ko Istanbul, ko Kasablanka, ko wani birnin Turai, dole a canza.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rubutunki Tunis ne. Kun karɓi biza?

Maman Iman: Ba mu kai takardu ba tukuna, sati mai zuwa in sha Allah. Me ya faru da Tunis ɗin?

Abu Hanif: Alhamdu lillahi da ba ku kai ba. Sifaniya da Faransa da Italiya duk Shengen ne, biza ɗaya ta isa. Tunisiya ba ta ciki. Da jirgi ya je can kun fita daga yankin, dawowarku Basalona shiga ce ta biyu. Saboda haka bizar shiga sau da yawa za ku nema, ku cike hakan a fom, ku haɗa da jadawalin jirgin mai nuna kowace tasha da ranarta. Mai bizar shiga sau ɗaya ana iya hana shi hawa tun a Basalona, ko da ya rantse ba zai sauka a Tunis ba. Sannan ki rubuta wa kamfanin ki tambaye su abin da mai fasfon Najeriya yake buƙata game da Tunisiya kanta, su ba ki amsa a rubuce, ki buga ki riƙe.

Sauran ƙa'idojin sanannu ne. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Inshorar lafiya ta kai yuro 30,000. Dokar Shengen tana son fasfo ya rage wata uku bayan ranar fita, amma kamfanonin jirgin ruwa da yawa wata shida suke nema, ki bi mai tsananin. Ana iya kai takardu tun saura wata shida a yi tafiya, kada ku tsaya jira.

Kwanan da kike so ku yi a Basalona ma yana da amfani a nan. Ƙa'ida ita ce a nemi biza a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. A jadawalinku Italiya na da tasha uku. In kun ƙara kwana biyu a farko, ga ranar hawa ga ranar sauka, kuma ta Sifaniya kuka shiga, hujjarku ta neman bizar Sifaniya ta fito sarai.

Ɗan Zango a Basalona: Salamu alaikum jama'a. Ni ɗan Kumasi ne, shekarata goma sha ɗaya a garin nan, na raka baƙi tashar nan ba adadi. Hajiya, bari in zana miki wurin kamar kina gani.

A ƙarshen titin La Rambla, bakin ruwa, akwai doguwar hasumiyar Kolombus. Otal-otal da yawa a wajen nan suna rubuta cewa suna kusa da tashar jiragen ruwa, kuma ba ƙarya suka yi ba, ta taga za ki hango ruwa. Amma manyan jiragen ba a nan suke tsayawa ba. Suna wani dogon dandamali da ake kira Moll Adossat, can cikin teku, sai an haye wata babbar gada mai suna Porta d'Europa. Daga hasumiyar zuwa can kilomita biyu ne zuwa sama, gwargwadon inda jirginku ya tsaya, ga hawan gada, ga rana, babu inuwa. Na taɓa ganin wani dattijo a tsakiyar gadar yana jan akwati biyu, ƙafar ɗaya ta karye, matarsa ta zauna a kan ɗayan tana fifita da takardar jirgi. Saboda haka kada ki ƙara ko yuro ɗaya don an ce otal yana bakin ruwa. Ko a ina kuka kwana, mota za ku hau.

Wuraren tsayawar haruffa gare su, A, B, C, D, E har da H. Ki duba takardarki ki riƙe harafin, ki riƙe sunan jirgin, su za ki nuna wa direba. In kika ce masa tasha kawai, zai iya ajiye ku wurin jiragen da ke zuwa tsibirin Mallorca.

Hanyar zuwa iri uku ce. Akwai bas na musamman da ke tashi kusa da hasumiyar, kuɗinsa kaɗan ne, amma sai kun kai kanku wurin, ku yi layi, ku ɗora kaya da hannunku. Akwai motar kamfanin jirgin, ana biya kan kowane mutum, ga mutum biyar ba ta da riba. Sai tasi. Tasin garin nan baƙi da rawaya ne, da mita yake aiki. Tsakanin filin jirgi da Moll Adossat kuɗin ƙayyadadde ne, hukuma ta yanka. Daga otal kuwa mita ce da ɗan ƙarin kuɗin tasha, tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin daga tsakiyar gari. Matsalarku ɗaya, ƙaramin tasi mutum huɗu yake ɗauka, ku kuma biyar ne da akwatuna. Ran Asabar da yamma ki ce wa mai karɓar baƙi a otal ya kama muku babbar mota ta safiyar Lahadi. Kada ki bari sai da safen, ranar Lahadi jirage da yawa ke sauke mutane suna ɗiban wasu, manyan motocin ƙarewa suke yi.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri Malam, wallahi otal ɗin da na sa wa ido na bakin ruwan ne. To daga filin jirgi zuwa gari fa? Maigida ya ce akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ɗan Zango a Basalona: Akwai, layin L9, amma ba ya shiga tsakiyar gari, sai an canza, kuma wurin canzawar tafiya ce mai tsawo. Akwai bas ɗin Aerobús da ke kaiwa dandalin Catalunya cikin kamar minti 35, yana da kyau ga mai jaka ɗaya. Akwai jirgin ƙasa daga ɓangaren T2 na filin jirgi zuwa tashar Sants. Duk na samari ne. Da Hajiya babba ku hau tasi daga layin hukuma a ƙofar fita, akwai ma'aikacin da zai tsayar muku da babba. Duk wanda ya tare ku a cikin zaure yana cewa tasi, ku wuce shi. Keken guragu kuma kyauta ne a filayen jirgin Sifaniya, amma ki sanar da kamfanin jirgin sama aƙalla awa 48 kafin tafiya, ki sanar da na ruwan ma.

Hajiya Turai: Ni shawarata ku kama gida gaba ɗaya maimakon otal. Ku biyar, ga kicin, ki dama wa Hajiya kununta da safe, ki yi mata ɗan fate. Tsofaffinmu ba sa jure burodi da cuku. Kuma ku sauka a unguwar Raval, nan ne abincin halal yake, 'yan Pakistan da 'yan Maroko sun cika wurin, ga masallaci.

Anti Bilki: Yaya Turai, na yarda da ke a kan kunu, ban yarda a kan gida ba. Na kwana biyu ne fa. Gidajen tsohon gari da yawa babu lifta, matattakalar ƙunci gare ta, mai gidan kuma sai ƙarfe 3 ko 4 zai ba da makulli. Wa zai zauna da tsohuwa da akwati shida a bakin titi tun safe? Otal ko ɗaki bai kammala ba za su karɓi kaya su ajiye, ta zauna a falo, ga kewaye. Sannan wa zai kira musu babbar mota, wa zai karɓi akwati in ya zo a makare?

Ɗan Zango a Basalona: Anti ta faɗi gaskiya. Ƙari a kan haka, maganar gidajen haya na baƙi ta yi zafi a nan. A Yunin 2024 magajin gari Jaume Collboni ya sanar cewa zuwa Nuwamban 2028 za a kawo ƙarshen lasisin irin waɗannan gidaje wajen 10,000, saboda hayar gida ta gagari 'yan gari. Mu da ke zaune a nan mun san zafin abin a aljihunmu. Akwai masu bayar da gida ba lasisi, in an samu matsala ba ki da wurin kai ƙara.

Raval kuwa unguwarmu ce, can nake sayen nama, can nake Juma'a a masallacin Tariq bin Ziyad. Ku zo ku ci abinci da rana, za ku ji daɗi. Amma ba zan ce baƙo mai yara ya kwana a lungunanta ba, da daddare akwai hayaniya da masu shaye-shaye. Unguwar Barri Gòtic ta tsohon gari ma, kyau kamar me, amma lungunan mota ba ta shiga, sai an ja akwati a kan duwatsu. Ki nemi otal a kan babban titi inda tasi zai tsaya a bakin ƙofa: titin Paral·lel, ko kewayen dandalin Catalunya da Universitat, ko unguwar Eixample. Daga nan Raval tafiyar ƙafa ce kaɗan. Kafin ki biya ki tambaye su abu uku: akwai lifta tun daga ƙofar titi, wurin wanka na tsaye ne ko kwami ne da sai an ɗaga ƙafa, kuma za su ba da abin dafa ruwan zafi? Otal-otal ɗin nan da yawa ba sa ajiye shi a ɗaki. Buta kuma ki taho da taki.

Abu Hanif: Kuma ki kama ɗakin da ake iya sokewa ba a cire komai ba, ko ya ɗan fi tsada, har sai biza ta fito. Akwai harajin baƙi da ake biya a otal, kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa ba ya cikin farashin da kike gani a intanet. Wasu kuma sukan riƙe wani abu a kati a matsayin jingina, ki tambayi bankinku iyakar abin da katin zai iya cirewa a waje.

Elhaji na Maraɗi: Salamu alaikum, ina gaida mutanen Najeriya. Ɗiyata, ki gode Allah da Basalona ce, tashar cikin gari take. Mu tamu tahiyar an rubuta muna Roma, muka kama otal a Roma, sai daga baya muka gane jirgin a Civitavecchia shike, wajen kilomita 80 daga birnin. Jirgin ƙasa daga tashar Termini ta Roma ya hi awa guda, in ka sauka kuma sai ka nemi bas zuwa bakin tasha, sannan wata bas ɗin ta kai ka gindin jirgi. Da balis, wato akwati, huɗu muka yi wannan. Allah ya sa mun iso da kwana ukku a hannu, muka samu lokacin tambaya, har muka yi Juma'a a babban masallacin Roma wanda aka buɗe a 1995. Duk mai karanta wanga zance, in an ce mishi Roma ko Atina, shi tambayi sunan tashar tukuna, don ta Atina ma Piraeus ce. Abu guda da mu mutanen Nijar muka huta da shi, soket ɗinsu irin namu ne mai ƙahwa biyu. Ku naku mai ukku ne, ku sayi mahaɗi tun gida.

Ummu Sadik: Ni tambayata daban ce. Jirgin nan ba giya da caca ne a cikinsa ba? Ya za a kai uwa irin wannan wuri?

Maman Iman: 'Yar uwa, na gode da kulawa, mun yi wannan tunanin tun kafin mu biya. Akwai su a ciki kamar yadda suke a manyan otal, kuma wurinsu daban. Ɗakin Hajiya mai baranda muka kama, abin da take so ta zauna ta ga teku tana lazimi. Mun kuma rubuta musu maganar abinci, in babu naman halal akwai kifi.

Mai kula da zaure: A yi haƙuri a tsaya kan tambayar da aka yi. Mai son waccan muhawarar ya buɗe mata nata wurin.

Malama Hadiza: Tunda an taɓo ibada, ga abin da zai amfane ku. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Basalona sai wajen 9:30 saura na dare, Isha'i kuma sai bayan 11, ga Asuba da wuri. Ki shirya wa Hajiya wannan tun yanzu don kada ta rikice. Kwana biyu ba ya yanke hukuncin matafiyi, a mazhabarmu ta Malikiyya sai an yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ake cika salla, saboda haka ƙasaru za ku yi. Alƙibla a can gabas ce a karkata kudu, saɓanin Kano da muke karkata arewa. Agogonsu kuma a bazara yana gaban namu da awa ɗaya.

Hajiya Turai: To tunda an kayar da ni a maganar gida, a bar ni in ce ta yi guzuri. Kilishi, dambun nama, yaji, garin kunu. Da ɗan turaren wuta saboda ɗaki.

Anti Bilki: Yaya, kilishi da dambu a bar su a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, ko busasshe ne, in an gani za a ƙwace, ana iya cin tara. Turaren wuta kuma ko an wuce da shi filin jirgi, ba za a kunna shi a jirgin ruwa ba. Gobara suka fi tsoro fiye da komai. Kasko, gawayi, abin turare na lantarki, dutsen guga, abin dafa ruwa, duk suna gani a na'ura su ajiye sai ranar sauka. A gabana aka kira wata baiwar Allah ta buɗe akwatinta saboda dutsen guga. Ki kai kayanki a goge, ki riƙe humra da turaren fesawa.

Maman Iman, darasin da na koya da tsada: akwatin da kika miƙa wa 'yan dako a tasha ba zai iso ƙofar ɗaki ba sai yamma, wani lokaci sai dare. Fasfo, magunguna, kayan sawa na kwana ɗaya, sallaya da caja su zauna a jakar hannu. Maganin ciwon gwiwar Hajiya in mai ƙarfi ne, ki bar shi a kwalinsa, ki haɗa da takardar likita. Takardun nan da ake ɗaura wa akwati masu lambar ɗaki, ki buga su tun gida, amma kada ki ɗaura sai safiyar Lahadi a otal.

Yaro ɗan Barça: Anti don Allah in kun je ku kai yaran Camp Nou, ko hoto ne su yi a waje. A tsakiyar Yuni an gama La Liga, babu wasa, amma dai a ce an je.

Ɗan Zango a Basalona: Ƙanena, tun 2023 aka shiga gyaran filin, sai su duba shafin kulob su ga abin da aka buɗe wa baƙi a lokacin. Maigida ya kai yara da safe a jirgin ƙarƙashin ƙasa layin L3, Hajiya babba ta huta. Da la'asar ku hau bas ɗin nan mai buɗaɗɗen sama da ke zaga gari, tana zaune za ta ga komai, har cocin Sagrada Família da aka fara ginawa tun 1882. Mai son shiga ciki sai ya sayi tikiti tun da kwanaki. Duk sayayyar da za ku yi ku gama ran Asabar, ranar Lahadi shaguna da yawa a rufe suke.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Masu yankan aljihu a La Rambla da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa gwanaye ne, ba faɗa, ba makami, sai dai ki laluba ki ji wayam. Wani zai ce an zubo miki abu a mayafi bari ya goge, ɗan uwansa ya ɗauke jaka. Kada mutum ɗaya ya riƙe fasfo biyar a jaka ɗaya yana yawo. Ku kulle su a akwatin ƙarfe na ɗaki, ku fita da kwafi. Ofishin jakadancin Najeriya a Madrid yake, awa biyu da rabi a jirgin ƙasa mai gudu, kuma ba a buɗe shi Asabar da Lahadi. Wanda ya rasa fasfo ran Asabar ya rasa jirgin. Lambar gaggawa 112.

Alhaji na Kwari: To kun ga, ita ma kwanan tana da nata haɗarin. Na saurari kowa. Maganar canza jirgi da maganar Hajiya sun shige ni, na janye batun sauka ran Lahadi. Amma kwana biyu ya yi yawa. Su isa Asabar, su kwana ɗaya, an raba gardama, an rage rabin kuɗi.

Anti Bilki: Ga matasa kwana ɗaya ya wadatar, Baba. Amma ka duba, in akwati ya makale ran Asabar, sai jirgin Lahadi zai kawo shi, lokacin suna hanyar tasha. Kuma wadda ta kwana a zaune a jirgi da gwiwar da aka yi wa aiki, ƙafa za ta kumbura, wuni guda cur take buƙata ta miƙe ta.

Alhaji na Kwari: Ni dai a kan ɗaya nake. Amma aljihun ɗana ne, shi zai yanke.

Maman Iman: Na karanta wa maigida komai daga farko har ƙarshe, mun buɗe takardarmu, mu ma ƙarfe 4 aka rubuta za a rufe rajista, kuma an ba mu 12:30 a matsayin lokacin zuwa tasha. Da ya ji labarin maganin mijin Anti Bilki shiru ya yi, don Hajiya ma tana shan na hawan jini. Mun tsaya a kan tashi daga Kano ran Alhamis, mu isa Juma'a. Na samu otal a kan Paral·lel mai lifta, ɗaki biyu a jere, wanda ake iya sokewa, na rubuta musu maganar wurin wanka ina jiran amsa. Fom ɗin biza kuma mun gyara zuwa shiga sau da yawa. Baba Alhaji, ya ce in gaya maka ya rage kuɗin ta wani wajen, ya soke yawon da kamfanin ke kai mutane a Genoa, za mu zaga da kanmu. Saura tambaya ɗaya: ranar dawowa jirgin zai iso Basalona da sassafe, akwai jirgin sama na 10:40 na safe, akwai na 4 na yamma. Wanne za mu ɗauka?

Ɗan Zango a Basalona: Na 4, Hajiya. Jirgi yana iya tsayawa ƙarfe 7, amma rukuni-rukuni ake sauke mutane, sai kin nemo akwatunanki a zaure, ga layin tasi, ku kuma daga Tunis za ku fito, akwai duba fasfo. Ku fito a natse wajen 9:30, ku hau babbar mota kai tsaye zuwa ɓangaren T1 na filin jirgi a kan ƙayyadadden kuɗin nan. Akwai ɗakin ibada a filin jirgin, ku yi Azahar da La'asar kafin a kira ku. In kun iso ran Juma'ar ki sa maigida ya yi mini magana ta akwatin sirri, iyalina za ta dama wa Hajiya babba kunun gyaɗa in kawo muku otal da yamma.